Tarihin Kiichiro Toyoda, Ɗan Masaƙin Da Ya Koma Ƙera Mota

Duk wanda ya saba shiga tashar mota a Kano, ko Kaduna, ko Maraɗi, ya san bas ɗin nan da direbobi ke kira Hayis, wadda akan cika da fasinja, a ɗora mata buhuna, ta yini tana kai da kawowa a kan hanya mai ramuka, gobe da asuba kuma a murza mabuɗi ta tashi. In aka tambayi mai mota abin da ya sa ya zuba dukiyarsa a kanta, amsar ba ta wuce biyu: injinta ba ya yawan ba da wahala, in kuwa ya ba da, kowane bakanike ya san kansa, kayan gyara kuma ga su nan a kasuwa. Kamfanin Toyota na ƙasar Jafan ya fara fito da wannan mota cikin 1967. Amma mutumin da ya kafa kamfanin, watau Kiichiro Toyoda, bai gan ta ba, domin ya riga ya rasu da shekara 15. Abin da shi ya gani da idonsa daban ne. Motar farko da ya sayar wa jama'a babbar motar kaya ce wadda ta yi ƙaurin suna wajen mutuwa a hanya, kuma yawancin abin da ake yabon kamfanin da shi daga wahalar wannan mota ya samo asali.

An haifi Kiichiro ran 11 ga Yuni, 1894, a wani ƙauye na lardin Shizuoka. Ubansa, Sakichi Toyoda, ɗan kafinta ne wanda tun yana saurayi hankalinsa ya koma ga yadda za a kyautata masaƙa, har ba ya zaman gida. Mahaifiyar yaron ta bar gidan yana jariri, kakanninsa suka fara renonsa, daga baya ya koma hannun matar ubansa. Ya taso cikin ƙarar masaƙu da ƙurar auduga, yaro ne mai shiru, ba mai yawan lafiya ba. Ya yi karatu mai zurfi a garin Sendai, sa'an nan ya shiga Jami'ar Tokiyo, inda ya gama koyon aikin injiniya cikin 1920. Bayan haka ya shiga kamfanin saƙa na gidansu. Sai dai ba shi ne babba a gidan ba, domin mijin ƙanwarsa, Risaburo, wanda aka ɗauke shi ɗa bisa al'adar Jafanawa har ya ɗauki sunan Toyoda, ya girme shi, kuma shi aka danƙa wa ragamar kasuwanci.

Kafin a fahimci Kiichiro mai mota, sai an dubi masaƙar da suka ƙera shi da ubansa, wadda aka kammala cikin 1924. Abu biyu ne suka fifita ta. Na farko, in zaren da ke cikin ƙoshiya ya ƙare, ita da kanta take sauya wata ƙoshiyar ba tare da ta tsaya ba. Na biyu, in zare ɗaya tak ya tsinke, nan take sai ta tsaya cik, ta ƙi ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Saboda haka ma'aikaci guda yana iya lura da masaƙu masu yawa. Daɗin daɗawa, Sakichi yana da wata ƙa'ida da ba ya ketarewa: ba a sayar da na'ura sai an gwada ta gwaji mai tsawo a wurin aiki na gaskiya. Don haka suka kafa masana'anta a garin Kariya, suka jera ɗaruruwan masaƙun nan suna aiki da su dare da rana, suna gyara duk abin da ya nuna rauni, kafin su miƙa wa mai saye. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida, domin nan gaba za mu ga ranar da ɗan ya ketare ta.

Sau biyu Kiichiro ya yi tafiya ƙasashen Turai da Amurka. A ta farko, cikin 1921 zuwa 1922, ya zauna a garin Oldham na Ingila yana koyon aiki a kamfanin Platt Brothers, wanda a zamanin nan babu kamarsa wajen ƙera injunan saƙa. A ta biyu, cikin 1929, ya koma wa wannan kamfani ne a matsayin mai sayarwa, aka ƙulla yarjejeniya Turawan za su biya fam 100,000 don samun izinin ƙera masaƙar Toyoda. Sai dai garin da ya bari yana bunƙasa ya tarar da shi ya yi sanyi, marasa aiki sun cika titi, domin kasuwar yadi ta faɗi. A Amurka kuwa ya ga mota ta zama abin hawan kowa. An sha ba da labarin cewa waɗannan kuɗi na Ingila ne Sakichi ya miƙa wa ɗansa ya ce ya je ya ƙera mota. Labarin yana da daɗin ji, amma masana tarihi da suka bi takardun kamfanin suna shakkarsa. Abin da ya tabbata shi ne, Sakichi ya rasu a watan Oktoba na 1930, kuma a cikin shekarar nan Kiichiro ya fara gwada ƙera wani ɗan ƙaramin inji a wani lungu na masana'antar masaƙu.

A lokacin nan hanyoyin Jafan na Amurkawa ne. Girgizar ƙasa ta 1923 ta rushe hanyoyin jirgin ƙasa na Tokiyo, hukumar birnin ta sayo motocin Ford 800 ta mai da su bas, jama'a suka ga amfanin mota. Kamfanin Ford ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Yokohama cikin 1925, General Motors kuma ya buɗe nasa a Osaka cikin 1927. Manyan gidajen kuɗi na ƙasar sun dubi harkar sun ja da baya, don a ganinsu shiga gasa da waɗannan asara ce tsagwaronta. Risaburo ma da farko haka ya gani. Duk da haka a watan Satumba na 1933 aka buɗe sashen mota a cikin kamfanin masaƙu, farkon 1934 kuma aka ƙara jarin kamfanin daga yen miliyan 1 zuwa miliyan 3.

Wahalar Zubin Inji

Kiichiro bai yi girman kai ba. Ya sayo mota ƙirar Chevrolet ta 1933, ya sa aka kwance ta ƙusa-ƙusa, aka auna kowane ƙarfe, aka zana shi. Ya yanke shawara injinsa zai bi ƙirar na Chevrolet mai silinda 6, gindin babbar motar kaya kuwa ya bi na Ford. Wasu za su kira wannan kwaikwayo, kuma kwaikwayon ne. Amma akwai hikima a ciki wadda duk mai motar haya zai gane ta ba sai an yi masa bayani ba: idan motarsa ta lalace a wani ƙauye mai nisa, direba zai iya sayen kayan gyaran Chevrolet ko na Ford, waɗanda ke ko'ina cikin ƙasar, ya ɗaura su zauna daidai. Watau tun kafin ya ƙera mota ɗaya, ya riga ya yi tunanin ranar da za ta tsaya.

Zane dai ya samu, amma zubi ya gagara. Gangar jikin inji, wadda fistin ke hawa da sauka a cikinta, ba dunƙulallen ƙarfe ba ce. A cikinta akwai hanyoyi masu lanƙwasa da ruwa ke bi yana sanyaya injin. Don a sami waɗannan hanyoyi, sai an yi siffarsu da rairayi an kafa a cikin mazubi, a kwarara narkakken ƙarfe ya kewaye ta, in ya huce a karkaɗe rairayin ya fita. Ma'aikatan Toyoda gwanaye ne a zubin ƙarafan masaƙa, amma waɗancan ba su da irin wannan ciki mai wuya. In rairayin ya yi taushi sai ya rushe kafin ƙarfe ya daskare, in kuma ya fitar da iska sai a sami ƙananan ƙofofi a jikin ƙarfen, ruwa ya riƙa yoyo. Wata da watanni suna zubawa suna zubarwa, aka yi asarar ɗaruruwa. Sai da suka bi mujallun ƙasashen waje suka gano yadda ake cuɗa rairayin da mai a gasa shi, sa'an nan suka yi ta sauya gwargwadon haɗin har ya zauna. Ƙarfen kansa ma matsala ne, domin masana'antun ƙarfe na Jafan a lokacin hankalinsu na kan jiragen ruwa da makamai, ba mai kula da ɗan abin da mai mota ke so. Don haka Kiichiro ya kafa nasa wurin narka ƙarfe.

An gama injin farko a watan Satumba na 1934. Da aka ɗora shi a kan ma'auni, ƙarfinsa bai kai na doki 50 ba, alhali na Chevrolet da aka kwaikwaya yana ba da 60. Siffa ɗaya, girma ɗaya, amma aiki ya bambanta. Aka yi ta bincike har aka gane laifin yana ga murfin silinda, inda iska da fetur ke shiga hayaƙi ya fita, aka sake masa fasali, ƙarfin ya hau zuwa 65. A watan Mayu na 1935 aka gama motar hawa ta gwaji.

A nan ne al'amarin gwamnati ya shigo. Sojojin Jafan suna bukatar manyan motoci, kuma ba sa son dogara ga Amurka. Aka fara shirya doka wadda za ta ba da izinin ƙera motoci masu yawa ga kamfanonin 'yan ƙasa kaɗai, kuma a fili yake cewa wanda ya riga ya nuna yana ƙerawa shi zai samu. Kiichiro, wanda burinsa motar hawa ce, ya ajiye ta gefe, ya sa aka ƙera babbar motar kaya cikin wata shida kacal. Ita ce ake kira G1, mai ɗaukar tan ɗaya da rabi. An gama ta a watan Agusta na 1935, a watan Nuwamba aka kai ta Tokiyo don nuna wa jama'a. Ko a wannan tafiya ma sai da motocin suka lalace a hanya, aka yi ta gyara kafin a isa. A watan Disamba aka fara sayarwa a birnin Nagoya.

Ga ƙa'idar ubansa, wannan mota ba ta isa sayarwa ba, kuma shi ya fi kowa sani. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya yakan karye daga wurin walda in an yi lodi, giya takan ƙi shiga, inji yakan yi zafi. Mutanen da suka saya kuwa ba masu kuɗin wasa ba ne, 'yan kasuwa ne da masu jigila waɗanda abincinsu ke kan motar, in ta kwana a hanya sun yi asarar yini, wani lokaci har da amincin abokan cinikinsu. Gaskiya ita ce gwajin da Sakichi ya yi da kuɗinsa a cikin masana'antarsa, ɗansa ya yi shi ne a kan hanya da dukiyar mutane. Ba za a wanke shi daga wannan ba.

Abin da za a faɗa a madadinsa shi ne yadda ya ɗauki nauyin abin da ya jawo. Ya riga ya jawo wani gwanin ciniki, Shotaro Kamiya, daga kamfanin General Motors. Dillalin Nagoya ya riƙa zaɓen masu saye na kusa waɗanda za a iya kai musu ɗauki, aka ajiye kanikawa cikin shiri dare da rana. In labari ya zo mota ta tsaya, sai a tafi da wata a juye kayan a kai su inda za su, a gyara wadda ta lalace. Shi kansa Kiichiro yakan je wurin, ya ba mai mota haƙuri, ya shiga ƙarƙashinta ya ga abin da ya karye da idonsa. Muhimmin abu kuma, ba a tsaya ga sauya ƙarfen da ya karye ba. Akan kai shi masana'anta a bincika dalilin karyewarsa, ko daga zane ne, ko daga ƙarfen, ko daga hannun ma'aikaci, a gyara tun daga can. Cikin shekara guda gyare-gyaren da aka yi wa wannan mota sun haura 800. Guda 379 kaɗai aka ƙera kafin a maye gurbinta da wadda aka kyautata. Ɗan ƙanen ubansa, Eiji Toyoda, wanda ya shigo aiki cikin 1936 bayan ya gama jami'a, yana cikin waɗanda aka ɗora wa aikin bin diddigin motocin da aka yi kuka da su, har abin ya zama sashe mai zaman kansa a kamfanin.

Dokar ta fito a watan Mayu na 1936, a watan Satumba kuma aka ba Toyoda da Nissan izini. A shekarar nan ne aka sauya sunan motocin daga Toyoda zuwa Toyota. Sunan gidan ma'anarsa gonar shinkafa mai albarka, wanda bai dace da mota ba, sabon kuwa ya fi daɗin faɗa, kuma da zane 8 ake rubuta shi a rubutunsu, adadin da Jafanawa ke ɗauka na sa'a ne. Ran 28 ga Agusta, 1937, aka kafa kamfanin mota mai cin gashin kansa, Risaburo ne shugaba, Kiichiro mataimakinsa. A watan Nuwamba na 1938 aka buɗe babbar masana'anta a garin Koromo. A can ya shimfiɗa wani tsari wanda ya saɓa wa abin da aka saba: kada a ƙera kaya a jibge a sito, kowane ƙarfe ya iso hannun mai bukatarsa a daidai lokacin da zai ɗaura shi. Dalilin farko ƙarancin jari ne. Amma akwai na biyu, domin in an tara dubban ƙarafa a sito, mai aibi yakan ɓuya a cikinsu sai bayan watanni a gane, in kuwa daga hannu sai hannu ne, ranar da aka yi kuskure ranar za a gan shi.

Yaƙi Da Abin Da Ya Biyo Baya

Yaƙi bai bar tsarin ya zauna ba. Tun 1937 Jafan ta afka wa ƙasar Sin, kuma babu amfanin ɓoyewa, manyan motocin da sojoji suka riƙa saye don wannan mamaya su ne suka tsayar da kamfanin da ƙafafunsa. Kiichiro ya zama shugaba cikin 1941, amma a ƙarƙashin ikon soja, kayan aiki kuma sai abin da hukuma ta raba. Da ƙarfe ya yi wuya, aka koma ƙera motoci masu fitila ɗaya da jikin katako. Ran 14 ga Agusta, 1945, ana gobe Jafan za ta sanar da saduda, bom ya rushe wani sashe na masana'antar Koromo.

Bayan yaƙi ya koma ga burinsa na ƙaramar mota. Cikin 1947 aka fito da sabon inji mai silinda 4, ɗan ƙarami mai sauƙin gyara, aka ɗora shi a motar hawa da kuma wata 'yar a-kori-kura. Motar hawan ba ta karɓu ba, 215 kaɗai aka ƙera, don mutanen da ke neman abin da za su ci ba su da kuɗinta. A-kori-kurar ce ta sami kasuwa wurin 'yan tireda da masu ƙananan sana'o'i.

Cikin 1949 hukumar mamaya ta Amurka ta ɗaure bakin aljihun ƙasar don ta kashe hauhawar farashi. Kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, waɗanda suka karɓi mota bashi suka kasa biya, kamfanin ya kai bakin rushewa. A watan Disamba Kiichiro ya yi yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata, suka yarda a rage albashi da kashi 10 cikin 100, shi kuma ya yi alkawarin ba za a kori kowa ba. Reshen Babban Bankin Jafan na Nagoya ya tattaro bankuna 24 suka ba da rance, amma da sharaɗi: a raba sashen ciniki ya zama kamfani daban, a kuma rage ma'aikata. A watan Afrilu na 1950 aka nemi mutum 1,600 su ajiye aiki. Ma'aikata suka shiga yajin aiki na kusan wata biyu, shi kuwa ga hawan jini ya kwantar da shi. Ran 5 ga Yuni ya yi murabus, a kan cewa wanda ya kasa cika alkawarinsa ga ma'aikata bai kamata ya zauna a kujera suna fita ba. A ƙarshe fiye da mutum 2,000 ne suka bar aiki.

Kwana 20 bayan saukarsa yaƙin Koriya ya ɓarke. Sojojin Amurka suka aiko da odar dubban manyan motoci, kamfanin da ya kusa mutuwa ya farfaɗo a hannun magajinsa, Taizo Ishida. Shi kuwa Kiichiro yana Tokiyo da 'yan mutane kaɗan, yana ta zane-zanen ƙaramar mota. Da al'amura suka daidaita, Ishida ya roƙe shi ya dawo, aka shirya zai koma kujerarsa a watan Yuli na 1952. Bai kai ba. Jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu ran 27 ga Maris, 1952, yana da shekara 57. Risaburo ma ya bi shi a watan Yuni na wannan shekara.

Ɗan ƙaramin injin nan na 1947 ya ci gaba da aiki bayansa. Shi aka ɗora wa wata ƙaramar motar kaya da aka fito da ita cikin 1954, wadda daga baya aka sa wa suna Toyoace, ita ce kuma ta fara ture motoci masu ƙafa uku daga hannun 'yan kasuwar Jafan. Motar hawa da ya yi ta buri, mai suna Crown, ta fito cikin 1955, garin Koromo kuma aka sauya masa suna zuwa Toyota cikin 1959. Sai dai tarihin G1 ya sake maimaita kansa. Da aka fara sayar da Crown a Amurka cikin 1958, motar da ta jure wa hanyoyin Jafan marasa kwalta ta kasa jure wa doguwar hanya mai gudu, inji ya riƙa zafi, jiki yana karkarwa, har aka dakatar da kai ta a ƙarshen 1960. Eiji Toyoda da Shoichiro, babban ɗan marigayin, suka koma wa tsohuwar hanyar bin kowane aibi zuwa tushensa, cikin 1961 suka shimfiɗa tsarin binciken inganci a kowane sashe na kamfanin, cikin 1965 aka ba su lambar Deming, wadda ake ba masana'antun da suka yi fice a wannan fanni a Jafan. Bayan shekara biyu da samun lambar ne Hayis ta farko ta fito daga masana'anta.